Mutanen da Genzo Ya Bari a Cikin Kwamfuta

Lokacin da Genzo ke kwance a asibitin birni, kullum matarsa Fusae sai ta tsaya a tashar bas tana matse ido a kan jadawalin motoci, don rubutun ƙanana ne kamar ƙwayar riɗi. Wata safiya Nagumo ya sauko daga matakalar unguwa ya miƙa mata takarda cikin leda. Jadawalin ne ya sake bugawa da manyan lambobi, ya ja jan layi ƙarƙashin motocin da ke tsayawa a ƙofar asibiti. Bai tambayi jikin maigida ba, bai jira godiya ba. Ya rusuna ya wuce.

Shekara talatin da bakwai Nagumo Shozo ya yi yana gyaran wayoyi da fitilun layin dogo. Bai taɓa aure ba. Da ya ajiye aiki sai ya buɗe tsohon shagon mahaifinsa na ɗinkin tabarma, ya cika shi da kwamfutocin da mutane suka yar. Yakan share musu ƙura, ya cire babbar manhajar da suka zo da ita, ya zuba musu Linux, wadda kyauta ce kuma ba ta raina tsohon inji, sannan ya raba wa tsofaffin unguwa. Aibinsa ɗaya ne. Linux iri-iri ce, kowace da sunanta da fuskarta, shi kuma ba ya iya zama da guda. Da bazara Debian yake yabo, kafin kaka ya koma Mint, kafin hunturu ya gano wata da ba wanda ya taɓa jin sunanta.

Tokuko mai kifi, wadda suka yi firamare aji ɗaya, ba ta raga masa, har yau da sunan yarinta take kiransa.

"Sho-chan, mace ɗaya ta gagare ka nema, amma manhaja kana aura kana saki duk wata uku."

"Ke ma ai ba kifin jiya kike sayarwa ba."

"Wa ya gaya maka?"

Duk da haka an yarda da hannunsa. A bangon shagon ya liƙa takarda mai kalma biyu, *kwafi tukuna*, kuma ba a taɓa jin ya ɓatar wa wani ko hoto ɗaya ba.

Genzo ya rasu a watan Satumba. A al'adarsu, gidan da aka yi rashi ba ya aika katin sabuwar shekara, ba a kuma aiko masa, don haka kafin Disamba ya yi nisa dole Fusae ta tura wa kowa katin makoki, kada mutane su zauna suna rubuta wa mamaci fatan lafiya. Su waye kowan kuwa, Genzo kaɗai ya sani. Ya yi shekara talatin a jirgin fito tsakanin tsibirai, kuma bai taɓa sakin mutum ba: abokan aiki, 'yan ajinsu, wani mai dafa taliya da ya koma arewa tun tuni, sun haura ɗari biyu. Duk Janairu yakan shigar da adireshinsu cikin manhajar buga katuna a kwamfutarsa, sannan ya jefa katunan da suka aiko masa cikin wutar da ake hurawa a filin haikali tare da kayan adon sabuwar shekara. Babu littafi, babu takarda.

Tsakiyar Nuwamba Fusae ta ɗaure kwamfutar a ƙyalle ta kai shagon. Bugawa kawai take so. Injin ya ɗauki kusan minti ashirin kafin ya farka, firintar shagon kuma ta ƙi amsa masa. Nagumo ya ce wannan tsohuwar manhaja ta gama yayinta, ta bar masa zuwa gobe, zai mayar da injin yaro. Ta ce sunayen mutanen maigida na ciki. Ya nuna mata takardar bango.

Ya kwafa kuwa, ba a ce bai kwafa ba. Hotuna, wasiƙu, takardun asibiti, duk ya kwashe a filashi. Sai dai manhajar katunan nan ba ta ajiye sunaye inda ake ajiye sauran takardu, tana da nata lungun. Duk wani tsoho a unguwar da ke aika katuna ya san haka. Nagumo rabonsa da aika kati tun rasuwar mahaifiyarsa, shekara ashirin ke nan, ba ma wanda ke aiko masa sai shagon tabarau. Da aka tambaye shi a allo ko a share komai, ya ce a share. Da ya ga wadda ya zuba ba ta gane firintar ba, ya sake sharewa ya zuba wata a ranar.

Washegari ya buɗe mata injin yana murmushi, ya ce ta ƙirga sakan nawa ya ɗauka. Ta ce ina sunayen? Ya duba nan, ya duba can. Fusae ta ga kunnuwansa sun yi ja, ta ga yatsansa ya tsaya cak a kan maɓalli. Tun kafin ya buɗe baki ta gane.

Kwana huɗu yana tono. Ya ce da sau ɗaya ya zuba, da an tsira da yawa, zubi na biyun ne ya taka sauran. Suna arba'in da takwas ya ceto, wasu da rabin adireshi. Ta aika wa waɗanda za su aiku.

Kowace safiya Fusae takan ajiye shinkafa mai zafi gaban hoton Genzo, ta kunna turare, ta buga 'yar ƙararrawa ta yi addu'a. A makonnin nan bakinta ne kawai ke yi. Zuciyarta na can tana ganin wani tsoho a wani tsibiri, ya sa tabarau, yana rubuta wa Genzo cewa bana dai lallai su haɗu. Ta san fushi bai dace da mai zaman makoki ba, amma ta daina bi ta gaban shagon, ta riƙa zagayawa ta doguwar matakala duk da ciwon gwiwa. A wurin Tokuko ta ji cewa ƙofar shagon rabi take buɗewa yanzu, mutum biyu sun mayar masa da kwamfutocinsu, shi kuma duk wanda ya zagi Linux sai ya ce a bar manhaja, ta tambaye shi sau biyu, shi ne ya amsa. Tokuko ta ce ta tsokane shi bai rama ba, abin da ba ta taɓa gani ba tun suna 'yan shekara shida.

Saura kwana uku shekara ta ƙare Nagumo ya zo gidan. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai cire takalmi ba, hularsa a hannu. Ya rame. Ta ce ya shigo ya sha shayi, ya ce a'a. Ya ce ya je ya tambayi yadda ake yi: in katin murna ya iso gidan makoki, bayan bakwai ga Janairu akan mayar da gaisuwar hunturu, a sanar da rasuwar, a nemi gafarar jinkiri. Ta ce ta sani. Ya ce i, shi ne bai sani ba.

Sannan ya ce mata:

"Fusae-san, ranar ɗaya ga wata katunan za su zo, ɗauri guda, da sunansa a kai. Ba sai kin karanta ba in ba za ki iya ba. Amma kada ki kai su wuta bana. Ki ara mini su. Adireshin kowa na jikin katinsa, zan kwafe su a littafi da hannuna, in rubuta wa kowane mutum amsa. Ki bar mini layi ɗaya a ƙasa, in faɗa musu ba ke ce kika manta da su ba."