Haƙora Uku na Fiyanon Ozell

Yayana Ozell Tarver bai taɓa mallakar fiyano ba. A kan na mashayar sansanin masu yankan katako ya koya, a gabashin Texas inda aka haife mu. Tsohon akwati ne da laima ta gama da shi, haƙoransa uku na gefen hagu sun mutu. In ka danna su ba amo, sai ƙwas, kamar an ƙwanƙwasa ƙofa.

Da wani makaɗin ne, da ya kauce musu. Ozell kuwa, da taurin kan tsiya, ya mai da su ganga. Hannunsa na hagu na gudu kamar jirgin ƙasa, ƙwas-ƙwas ɗin nan na biye. Ranar Asabar, mazan da zarto ya rage wa yatsu su yi ta rawar bugi-wugi har daɓe ya girgiza. Shekara ashirin yana haka.

Sai wani Bature mai farautar makaɗa ya ji shi, ya aiko masa da tikitin Chicago, za a ɗauki kiɗansa a faifai.

"Verlie," ya ce mini, "ko na mutu, kya ɗora ni a garmaho in ci gaba da damun ki."

"Da ranka ma ka ishe ni, Yaya. Tafi."

A can suka zaunar da shi gaban lafiyayyen fiyano mai sheƙi. Ya danna haƙoran nan uku yadda ya saba, suka yi kuka, kiɗa ya wargaje. Ya sake, ya kuma sakewa. Hannu ya ƙi mantawa.

"A buge kake ne, yaro?" in ji Baturen. Mutum da furfurarsa!

Ya roƙa a tsinke masa wayoyin haƙoran ukun, su mutu kamar na gida. Suka yi dariya, suka nuna masa ƙofa.

Ni kuma a gida, don tsabar iyayi, na ga bai kamata wanda ya shiga faifai ya dawo kan ruɓaɓɓen akwati ba. Na ɗauko mai gyara daga garin Lufkin, na tsaya a kansa har ya gama gyara fiyanon mashayar.

Da Ozell ya sauka daga jirgi, ko gida bai biya ba. Mashaya ya nufa, ina biye da shi.

"Bari in gai da tsohuwata," ya ce. "Ita ta san ni."

Ya danna. Dukansu ukun suka amsa, tangaram.

"Wa ya taɓa ta?"

"Ni ce, Yaya. Gyara maka na yi."

Ranar muka tsinke wayoyin, amma mai gyara ya riga ya sauya katakon ciki. Ƙwas ɗin bai dawo ba. Ozell ya rufe murfin a hankali, washegari ya nemi aiki wajen zarto. Shekara goma sha tara ya yi a can, bai taɓa zagi na ba, kuma wannan ya fi komai cin raina.

Garmahon na nan a ɗakina. Ba ni da abin da zan ɗora a kai.