Saran da Ya Raba Ni da Ciyayya

An sare ni a hannun dama a cikin garin Batsari, da rana tsaka, ban yi wa kowa komai ba. Wannan abu ba zan manta da shi ba har ranar da za a rufe ni da ƙasa.

Ni manomi ne daga Karare. Ranar kasuwa ce, na shigo sayen kanwar shanu. Da na gama sai na bi wani lungu don in fita inda masu babura suke tsayawa. Wasu samari na zaune a kan dakali. Ɗaya ya taso da fara'a, ya yi mani sallama, ya ce, "Baba, barka da kasuwa," ya miƙo hannu. Sandata tana dama. Na mayar da ita hagu na ba shi hannu, don mu haka muka tashi, ba a barin hannun wanda ya yi maka sallama a sama. Ya riƙe ni gam. Wani daga baya ya sauke adda.

Ba su ɗauki komai ba. Kanwar tana nan a ƙasa inda ta faɗi. Dariyarsu kawai na ji suna gudu. Daga baya aka ce mani ƙauraye ne, sun sha abin da suka sha, suna gwada sabuwar adda a kan duk wanda ya gifta. Ɗan gari da ya ga idanunsu ba zai tsaya ba. Ni na tsaya.

Wata mai tuyar ƙosai ce ta ɗaure mani wurin da ɗankwalinta. Ban san ta ba, ban kuma sake ganinta ba, Allah ya saka mata. An kai ni asibiti, daga nan aka wuce da ni Katsina. Hannun bai fita ba, amma jijiyoyin sun mutu. Yatsun suka lanƙwashe, ba su buɗewa, ba su damƙa.

Mutane sun ɗauka gona ce za ta dame ni. Gona an yi mani gayya, an nome ta tas. Abin da ya ci ni ciyayya ce. A unguwarmu, in an sallame magariba, kowane magidanci yana fito da akushinshi gindin iccen bedi, a shimfiɗa tabarma, a haɗa hannu a ci tare. Tun zamanin mahaifina nake zama a wurin. To hagu hannun buta ne, ba a sa shi cikin kwanon jama'a. Babu wanda ya ce kada in zo. Liman ma ya aiko cewa lalura ta halatta mani. Na sani. Zuciyata ce ta ƙi.

Sai na koma ɗaki. Maiɗakina ke yanko loma tana ba ni a baki, tana cewa, "Malam, ƙara ɗaya dai." Ta yi haƙuri da ni ƙwarai, ni kuwa sai in kau da kai. Ina jin hirar maza daga waje, ina gane muryar kowa. Masu zuwa dubiya kuma su yi ƙasa da murya, sannu, sannu, kamar gidan makoki, kowa na kauce wa kallon hannun. Na rame har riga ta yi mani yawa. Da abin ya daɗe, ina jin da a ɗakin nan zan ƙare.

Ina da taubashi, ɗan gwaggona, a Tsaskiya ta ƙasar Safana. Yana kiwo, yana sassaƙar turmi da ƙota. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa babu tsiya ba. Hanya ta ɓaci da damina, sai da ruwa ya ja baya ya samu zuwa. Ya shigo ɗakin ko sannu bai ce ba.

"Ina ragon yake? An ce an mayar da kai jinjiri, ana ba ka a baki. Da na sani da na zo da zanen goyo."

Na ce, "Bawana, ka zo ganin ƙarshena?"

"Wane ƙarshe? Kai da hannu biyu ma huɗarka kamar tafiyar maciji. Gonar ce ta huta."

Dariya ta kuɓuce mani, ta farko tun daga Batsari. Ya zauna, ya jawo hannun bai tambaye ni ba, ya juya shi gaba da baya kamar icce zai saya. Ya auna tafin da sillen kara, ya tashi ya fita.

Washegari na ji ƙarar gizago a zaure. Ƙoshiya yake sassaƙawa, cokalin icce, amma mariƙinta mai faɗi ne, ya lanƙwasa shi ya kwanta cikin tafina, ya huda shi ya zura igiyar fata ta ɗaurawa. Ta farko ta yi girma. Na ce mashi wannan ai ta rabon miyar biki ce. Ya ce daidai cikina ya yi ta. Ya koma ya rage.

Da aka sallame magariba ya ce in tashi. Na ce ba ni zuwa.

Ya ce, "To. Ni baƙo ne, baƙo kuwa ba ya zuwa ciyayya ba mai masaukinshi. Ka kwanar da ni da yunwa, gobe duk Safana ta ji yadda ake karɓar baƙi a Karare."

Maiɗakina ta miƙo mashi akushin. Na tashi.

Da muka isa gindin bedin hira ta tsaya. Aka matsa mani. Wurina yana nan, babu wanda ya zauna. Taubashina ya ɗaura mani ƙoshiyar a gaban kowa, ya ce bisimilla. Tuwon gero ne da miyar kuka. Na yanko da ƙyar, na ɗago, kafin ya kai baki ya sulale ya faɗo mani a ƙirji. Na so ƙasa ta tsage.

Sai ya ce, "Kun gani ko? Rigar ma ta fi shi yunwa."

Wani tsoho maƙwabcina ya tuntsire da dariya har ya shaƙe, aka yi ta bubbuga mashi baya, kowa ya ɗauka. Loma ta biyu ta isa bakina. Da hannun dama. Tsohon nan ya turo akushin kusa da ni, ya gangaro da tsokar nama ɓangarena yana kallon wani wuri. Na sunkuyar da kai, hawaye na zuba. Na ce yaji ne. Wani ya ce ai miyar ba yaji.

Taubashina ya ce, "Akwai. Daga Tsaskiya na zo da shi."

Ba a taɓa kama waɗanda suka sare ni ba, na ma daina tambaya. Abin da na koya shi ne, mai ciwo ba sannu kaɗai yake buƙata ba. Sannu ta yi mani yawa har ta kusa binne ni. Yana buƙatar wanda zai kalli ciwon ido da ido, ya ci gaba da yi mashi yadda ya saba.

Taubashina ya rasu bara, Allah ya jiƙan shi. Babu mai yi mani tsiya irin tashi kuma. Ni ina nan Karare, hannun yana nan yadda yake, kuma duk magariba ina gindin bedi, a wurina.