Jirgin da Muka Sa wa Rigar Gwangwani

Ranar wata Juma'a cikin Agusta, shekarar da na bar lakwal, makarantar boko, a aji uku, muka saka jirginmu a kududdufin bayan gari. Ni da Sale, ɗan baffana, muka ɗauko shi, 'yan unguwar Maƙera kuwa suna tsaye a tsallake, kowa da danƙonsa.

Ga yadda wasan yake. Kowace unguwa ta saka jirginta na kara a ruwa, a yi ta harbinsa da tsakuwa. Waɗanda nasu ya fara wargajewa su bar wa abokan karawa gaɓar yashi mai daɗin wanka har damina ta wuce. Damina biyu muna wanka a taɓo.

Kawu Ilu ne ya fishshe mu. Ya taɓa yin dako a tashar jiragen ruwan Kwatano, ya dawo da hoton wani tsohon jirgin yaƙin Faransawa ya manna a ɗakinsa. Ya ce mana cikinsa katako ne, aka lulluɓe shi da fallayen ƙarfe don kada harsashin igwa ya ratsa, ga filafilai ga injin tururi. Ba mu tsaya jin ƙarshen labarin ba. Muka sari reshen darbejiya ɗanye shataf, muka fafe shi, muka bi juji muna tsintar gwangwanayen madara, muka buɗe su muka kafe da ƙusa.

Ranar nan 'yan Maƙera suka yi harbi har hannu ya gaji. Tsakuwa ta sauka, ka ji ƙwal, jirgi ya ɗan yi tangaɗi ya miƙe. Nasu kuwa harbi huɗu ya zama tsinke. Sale ya faɗa ruwa da rigar Juma'arsa don murna, ya sha duka a gida yana dariya.

Muka adana jirgin bayan rumbu. Da damina ta zagayo muka ɗauko shi, gwangwani lafiya lau, amma na danna yatsa ya shige ciki kamar tuwo. Kawu ya yi dariya har da tari.

"Ja'irai, da kun tsaya ai da kun ji. Na Faransawan ma ba igwa ta ci shi ba. Ɗanyen katako suka sa, ya ruɓe daga ciki."

Yau shekarata goma sha ɗaya ina lodi a tashar jiragen ruwan Jebel Ali. Jiragen nan ƙarfe ne ciki da waje, ba abin da zai ruɓe. A ce mana yalla, wato maza, mu loda, khalas, shi ke nan, su tafi. Duk girmansu ban ga wanda ya faɗa ruwa da riga saboda su ba.