Ranar da Kwamfutar Yayana Ta Ƙi Farkawa

Shekarun baya, yayana ya tafi Kaduna ya bar min ajiyar kwamfutarsa. Kundin bincikensa na kammala karatu yana ciki, kuma ba shi da kwafi a ko'ina. Ya ce ko ƙuda kar ya sauka a kanta. Yana hawa mota na buɗe ta na hau kallo.

Da ta ɗau zafi sai tausayinta ya kama ni. Na ga wata kalma da ɗan Turancina ya ce min barci take nufi, na danna, na ce ta huta. Har la'asar baiwar Allah ba ta motsa ba. Na danna duk abin dannawa, shiru. Na kira yayana, wayar ba ta shiga, don in mota ta shiga dajin nan namu sai addu'a.

Sai na rubuta a wani zauren 'yan Birnin Gwari na intanet: "Jama'a, kwamfuta ta yi barci ta ƙi tashi, yaya ake tashinta?"

Wani ya ce in soya ƙosai kusa da ita. Wani daga Kazage ya ce in raɗa mata cewa an raba taki. Na ukun ya ce, "Hajiya, yayyafa mata ruwa, haka ake tashina."

Suna ta dariya. Na karanta wa mahaifiyata, ta ce, "To ai gaskiyarsa, ko suma ne ruwa ake sawa." Ta miƙo min buta. Wallahi na riga na jiƙa yatsuna sai saƙon wata mata ya shigo: "Ƙanwata, kar ki sa ruwa! Yaushe rabonku da wuta?"

Ashe caji ne ya ƙare tana barcin. Na rungume ta kamar jaririya har shagon mai caji, ta buɗe ido, kundin yana nan lafiya.

An ce matambayi ba ya ɓata, amma ni saura ƙiris. Har yau ina dariya in na ga irin tambayar nan, sai dai amsar gaskiya nake fara rubutawa. Ban san ko mai tambayar yana riƙe da buta ba.