Bulon da Ya'u Bai Gwada Ba

Duk wanda ya san Gumel a shekarun saba'in ya san Ya'u magini. Da tubali da azara ya fara, da siminti ya zo ya koya, har ya fi masu koya masa. Yana da ɗabi'a guda: kafin ya ɗora bulo sai ya ɗaga ɗaya daidai ƙirjinsa ya sake shi ƙasa. In ya farfashe, ya naɗe cokalinsa na gini ya tafi.

Shekarar da gwamnati ta bazama gina firamare, kowane ɗan tireda ya wayi gari ɗan kwangila. Cikinsu har da Ilu, mutumin da bai san banbancin yashi da turɓaya ba. Ya samu kwangilar ajujuwa biyu a wani ƙauye kusa da Gagarawa, ya zo ya durƙusa gaban Ya'u ya yi masa ginin, domin mahaifinsa aminin Ya'u ne.

Ya'u ya buga bulon da kansa, ya ce a yi mako ana ba shi ruwa safe da yamma, ya wuce Maigatari wani aiki. Rijiyar ƙauyen gaba talatin ce, jan ruwa sai da raƙumi. Ilu ya ga wahala, ya bar bulon a rana, sai ranar dawowar Ya'u ya sa aka yayyafa masa ruwa don ya yi duhu.

"Kawu, wallahi ko yini ɗaya ba a tsallake ba," in ji Ilu, gaban dattawan ƙauye.

Ya'u ya riga ya sunkuya zai ɗauki bulo. Amma gwada shi bayan rantsuwa daidai yake da ƙaryata ɗan amininsa a bainar jama'a. Kunya ta sa ya miƙe hannu wayam, ya hau gini.

Ruwan farko mai iska bangon gabas ya zube. Allah ya sa ranar Lahadi ce. Abin takaicin, ba wanda ya ambaci Ilu, ginin Ya'u kawai ake cewa. Da Ya'u ya same shi, ko kunya babu Ilu ya ce, "Kawu, ai kai ne magini. Me ya hana ka gwada?"

Ilu ya samu sabuwar kwangila, har da mota. Da kaka, Adda Rabi, yayar Ya'u uwa ɗaya uba ɗaya, ta tashi gina ɗaki, ta kira wani magini daga Ɗanzomo. Ya'u ya je ya tsaya a ƙofarta.

Ba ta iya kallonsa ba. Ta ce, "Ka yi haƙuri, Ya'u. Jikokina ne za su kwana a ciki."