Littafin da Kakana Ya Hana a Mayar

Shekaranjiya aka sauke mana kwalin littattafai a lakwal, wato makarantar boko, da nake koyarwa a Mayahi. Darakta ya ce in zaɓi waɗanda za mu ajiye wa 'yan ajina, na ƙauna da alheri da na tarihin baƙar fata. Ina yanke igiyar kwalin, ƙanshin sabuwar takarda ya bugi hancina, sai na gan ni a rugarmu ta arewacin Isawan, ina 'yar shekara tara, rungume da littafin da ya hana a cire ni daga lakwal. Bari in ba ku labarin, don har yau in na tuna sai in yi ta dariya ni kaɗai.

Mu makiyaya ne, Fulatanci a gida, Hausa a kasuwa da bakin rijiya. Kakana, mahaifin babana, shi ke da magana ta ƙarshe a kan kowa, daga saniya har jariri. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya, amma in ya ce a'a, to kada ma ka ɓata yawunka. Ya bar ni na shiga lakwal ne don maigari ya matsa kowane gida ya ba da yaro ɗaya, mazan kuwa kiwo ya riƙe su. Ya ce shekara biyu sun ishe ni. Da damina ta faɗi za mu tashi arewa da shanu, in bi su, in koma ga ƙwarya da tatsa. Ni kuwa ina son lakwal kamar raina, ga shi ba ni da bakin faɗa.

Ba haka kawai ya ƙi boko ba. Ya taɓa karɓar littafin karatunmu ya duba shi yadda yake duba saniya a kasuwa, gaba da baya, ba gaggawa. Ya ga gida mai bene, ya ga yaro fari da kare a kan kujera. Ya miƙo mini abina ya ce, “Babu mu a ciki. Abin da bai san ki ba, mi zai koya miki?”

Malaminmu saurayi ne, ɗan manoma daga wajen garin Sarkin Hausa. Yana da wani akwatin ƙarfe da 'yan littattafansa na kansa, waɗanda ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kansu. Da bazara ta kama ya ji za a cire ni, sai ya zaro ɗaya ya ba ni, ya ce in tafi da shi gida, in na gama in maido. Ina jin tausayi ne kawai, irin guzurin da ake yi wa mai tafiya. Littafin na Faransanci ne, tarihin baƙar fata, cike da hotuna.

Da hantsi na tarar da kakana a inuwar gawo kusa da rijiya, shanu sun sha sun kwanta, iska ba ta ko motsi. Ya ga na ɓoye abu a zane, ya miƙo hannu. Na ba shi. Ya buɗe, ya fara juya shafi da ɗan yatsa, har ya zo kan hoton wasu shanu masu dogayen ƙaho da aka zana a jikin dutse, da makiyayi a bayansu riƙe da sanda. Na haɗa ɗan Faransancina na gaya masa mutanen ƙasarmu ne suka zana su tun zamanin da ba wanda ya tuna. Ya kafa wa wata jar saniya ido ya ce ta kusa haihuwa. Ya wuce sarakuna baƙaƙe da malamai masu tulin takardu. Da ya kai kan jirgin ruwa da mutane ɗaure da sarƙa, ya daɗe bai juya ba. A shafi na gaba akwai wata mata da ta kuɓuta daga bauta, ta yi ta komawa tana kuɓutar da wasu, sai da ya sa na maimaita masa labarinta sau biyu.

Ya tambaye ni ko sayar mini aka yi. Na ce aro ne. Ya ce mai shi me zai karɓa? Na ce ba komai. Ya ce ya san ba ni da irinsa? Na ce ya sani. Sai ya rufe littafin ya ce, “To habbanaye ne.”

Ga wanda bai sani ba, habbanaye shi ne mai shanu ya ba wanda ba shi da su aron karsana. Za ta zauna a hannunsa har ta haihu uku, 'ya'yan nasa ne, sannan ya mayar da uwar. Da shi gidanmu ya tashi bayan wani fari da ya share garken kakana tun yana saurayi. Mayar da ita kafin ta haihu kuwa abin kunya ne babba, kamar ka ce wa mutum alherinsa bai kai a riƙe ba.

Ana gobe hutu malam ya zo ruga a kan kekensa, yana zufa, karɓar littafinsa. Kakana ya sa aka dama masa fura da nono, ya bar shi ya sha ya huta, sannan ya ce, “Malam, bai haihu ba tukuna.” Bawan Allah ya dube ni, ni kuwa na sunkuyar da kai. Kakana ya ce sai yara uku sun karanta shi da bakinsu ta hannuna, kuma kame-kame ba karatu ba ne, maraƙi sai ya tsaya da ƙafafunsa. Malam ya ce, “Baba, ai ita kanta ba ta gama iya shi ba. In ta bar lakwal yanzu, wa za ta koya wa?”

Kakana ya kwance rawaninsa ya sake naɗawa, abin da yake yi in ciniki ya juya masa. Can ya ce in zauna gari wurin gwaggona. A daminar nan shanu suka tafi arewa ba da ni ba, na yi kukan kewar innata, amma wallahi daɗin da na ji ya fi kukan yawa.

Shekara uku aka yi ana jiran haihuwar nan. Kuma tunda ba a iya karatun Faransanci a bakin rijiya, mutumin da ya ƙi boko shi da kansa ya riƙa kama hannun yara yana kai wa malam. Ta fari ɗiyar baffana ce. Ta biyu ɗiyar Buzayen da muke shayar da dabbobi tare a rijiya ɗaya. Ta uku ɗiyar gwaggona, mai i'ina, wadda ta kusa sa ni furfura tun ban kai ko'ina ba. Duk rani in sun dawo da shanu, kakana zai shimfiɗa buzunsa, ya buɗe inda ya ga dama, ya nuna da tsinke. Yarinya ta karanta, ta fassara da Hausa. Ba a yi masa wayo, don ya haddace abin da ke ƙarƙashin kowane hoto. Sau biyu yana kayar da mai i'inar nan. A karo na uku ta karanta labarin matar da ta kuɓutar da bayi tiryan-tiryan, ko tuntuɓe ba ta yi ba, gwaggona ta rangaɗa guɗa.

Ranar mayarwa ya sa babbar rigarsa. Ya sa wata Buzuwa ta ɗinka wa littafin gafaka ta jar fata, aka haɗa da ƙwaryar man shanu. Ya shiga aji ana tsakiyar darasi, ya miƙa wa malam da hannu biyu ya ce, “Ga uwar, ta haihu uku, duka mata, duka lafiya.” A shekarar na ci sartifika, jarrabawar gama firamare. Da maganar kolej a Mayahi ta taso, kowa ya zuba masa ido, bai ce a'a ba.

Shi ya sa in zan zaɓa wa 'yan ajina littafi, hotuna nake fara dubawa. In babu fuska irin tasu, babu alherin da za su gane a gidajensu, ina ajiye shi gefe komai kyan bangonsa. Abubuwa sun canza. Burtalin da muke bi ya zama gonaki, habbanaye ma yanzu ya fi yawa a awaki.

Bara na kai wa malam ziyara a Tasawa, ya tsufa, ido ya yi rauni. Na ce masa dabarar da ya yi wa kakana ba ƙarama ba ce. Ya yi dariya har da tari, ya ce, “Wace dabara, 'yata? Ni ɗan manoma ina na san habbanaye? Littafina na je karɓa, na ga sandar tsohon nan, na haƙura.”

Kakana ya rasu bai san harafin boko ko ɗaya ba, Allah ya jiƙansa. A lakwal ɗin garinmu kuwa, malamar da ke koya wa 'yan ajin farko buɗe baki su yi karatu a yau ita ce mai i'inar nan.