Saƙo a Hannun Direba

Mahaifina ya yi shekara talatin yana ɗaukar tumatir da kabeji daga Jos zuwa Kudu, ya kuma bar sana'ar da ra'ayi a kan komai, har da aikin likita. Da ciwon gaɓoɓi ya kama shi, aka rubuta masa ƙwayoyi safe da yamma. Ya sha na wata biyu, ya ce suna ƙwaƙular masa ciki, ya ajiye su a kan talabijin. Yatsunsa suka yi ta kumbura har ɗaukar buta ya fara gagararsa. Likita ya ce in aka tafi a haka, hannun zai sandare.

Na yi masa bayani irin namu na malaman makaranta, da dalili na farko da na biyu. Ya saurara cikin natsuwa kamar ɗalibaina, ya kuma watsar kamar yadda suke yi.

Wata Asabar 'yata, mai karatun haɗa magunguna, ta raka ni gidansa a Nasarawa Gwom. Muka tarar da shi a ƙofar ɗaki yana shan hantsi, don sanyin garin nan ba ya raga wa ƙashin tsoho.

"Angona," in ji ta, "an ce ka yi wa magani yaji."

"Amarya, maganinku ba shi da tarbiyya. Hannu aka aike shi, ya tsaya ɓarna a ciki."

Ta ce ai masu bincike sun san da wannan. Suna gwada ɗiban jinin mutum, su ware jajayen ƙwayoyinsa, su ɗura maganin a cikinsu, su mayar masa. Ƙwayar jini kan yi kusan wata huɗu tana zagaya jiki, sai ta riƙa sakin maganin kaɗan-kaɗan, jiki kuwa ba ya saurin tare ta, tunda 'yar gida ce.

Tsoho ya gyara zama.

"Ai wannan saƙo ne. Ka ba direban da ya saba da hanya, 'yan shinge sun san fuskarsa, ba mai cewa ya sauke kaya. To, ni wannan motar zan jira."

Nan na ga mun yi gyaran gangar auzinawa. 'Yata ta ce abin bai iso ba, yawancinsa yana ɗakin gwaji, ba ta san ranar fitowarsa ba.

"Wato ba ta ma shigo tasha ba?"

"Ko fenti ba a yi mata ba."

Sai ta tambaye shi me ake yi in tumatir ya nuna a kwando, babbar mota kuma ba ta zo ba.

"A zuba a akwalar da ke ƙasa," in ji shi. "Tumatir ba ya jira."

Ya aike ni in ɗauko ƙwayoyin, in haɗo da kofin kunu, tunda ta ce kada ya ƙara sha bai ci komai ba. Ni na ɓare masa, yatsun ba za su iya ba. Ya haɗiye, ya yamutsa fuska, sannan ya ce mata in sabuwar motar ta fara lodi, ta kama masa gidan gaba.